Ban San Wata Hadiza Ba

Ba zan taɓa mantawa da waccan Lahadi ta Tsibiri ba, kuma ko na yi niyyar mantawa surukaina ba za su bari ba. Har yau in aka haɗu wurin suna ko ɗaurin aure sai an sami mai tuno da ita, a yi ta dariya, ni ma in taya su da haƙora don ba yadda na iya. Gara in ba da labarin da bakina, tun da masu ba da shi a madadina sun fara ƙara masa gishiri.

Ni dai mai shagon wayoyi ne a Sabon Gari, nan Maraɗi. Ina sayarwa, ina ɗan gyara, ina kuma yi wa jama'a wa'azi kyauta a kan 'yan damfarar waya. Wannan na ƙarshen shi ne abin alfaharina. Duk wanda aka kira aka ce ya ci kyautar babur, ko aka ce ɗan'uwansa na kwance a asibiti a yi gaggawa, wurina yake zuwa. Sai in karɓi wayar, in buɗe muryar kowa ya ji, in wanke ɗan damfarar tas, mutane na dariya. Wani dattijo ya taɓa ce mini da ni aka ɗauka aikin jandarma da ƙasa ta huta. (Na daɗe ina maimaita wannan maganar a gida, har matata Balkisa ta haddace ta.)

Abu na biyu da nake taƙama da shi shi ne iya surukuta. Mahaifiyar Balkisa, wadda kowa ke kira Inna Larai, tana zaune a Tsibiri. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa haɗa ido da ita ba. Tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa can nesa, in yi gaisuwa kaina a ƙasa, in tashi sumui-sumui. Ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. In aka tashi yi wa samarin gidan faɗa da ni ake ba su misali, ni kuwa abin yana mini daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

To, a wata damina zazzaɓin sauro ya kayar da Inna. Balkisa na jego, kwana goma sha biyu da haihuwa, ba ta fita. Ƙaninta Sani, wanda ke noman gero a Tsibiri, shi ya kawo Inna wani asibiti mai zaman kansa a cikin gari ranar Litinin. Ya miƙa katin shaidarta aka rubuta ta, da aka nemi lambar waya ya ba da tawa, tun da ni ne a Maraɗi kuma waya ce sana'ata. Daga nan ya koma gona, don lokacin noma ne. Kwana a ɗakin marasa lafiya ya faɗa kan Iya Hajo, ƙanwar Inna, wadda ta baro garkarta ta zogale a Jiratawa ta zo jinya. Ni kuma na zama mai jinyar waje: sayen magani, kawo abinci daga gidanmu a unguwar Zariya, kai takarda nan da can.

Na yi aikin da zuciya ɗaya, Allah ya gani. Abu guda kawai na kasa, shi ne tsayawa a ɗakin in likita ya shigo zagaye. Ranar farko na gwada. Likita ya ja kujera ya zauna gefen gado, ya ce, "Hajiya, yaya batun fitsari? Kina yawan fita?" Kafin ya rufe baki na kai bakin ƙofar asibitin, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Daga ranar, da na hango farar riga ta nufo sai in zame, in je ƙarƙashin bishiyar bedi in tsaya ina latsa waya kamar wani muhimmin abu nake dubawa.

Shugabar masu jinya ta ɗakin, wadda ake kira majo, wata doguwar mata ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta lura da ni. Ranar Laraba ta tsare ni a baranda ta ce, "Malam, ka riƙa tsayawa in likita na magana. Tsohuwar da ke ɗaki ba ta karatu." Na ce, "To, madam," ina murmushi. A raina kuwa cewa na yi wannan baiwar Allah ba ta san surukuta ba.

Ranar Alhamis aka cire wa Inna ƙarin ruwa, aka ce watakila gobe a sallame ta. Nan take wani tunani ya zo mini, irin tunanin da ke zuwa wa mutum in zai ji kunya. Na ce surukata ba za ta koma Tsibiri a motar haya ba. Na je wurin wani Alhaji maƙwabcin shagona, daga manyan gidajen fatake yake, na roƙi aron motarsa, wata baƙa mai sanyi a ciki. Ya ce ba komai, ya haɗa ni da direba, da sharaɗin a maido ta kafin sallar Juma'a don da ita yake zuwa masallaci.

Juma'a da hantsi na iso, na tarar da likita a ɗaki, don haka na koma gindin bedina. Can sai ga Iya Hajo ta fito tana washe baki, ta kira ni da alkunyar da take mini.

"Baban Ummi, an sallame mu. Likita ya ce yau mu tahi gida."

"Alhamdulillahi! Shi ke nan abin da ya ce, Iya?"

"Ya ɗan yi magana da majo da nasaranci, batun takardu. Wannan kau ai naku ne 'yan lakwal, masu boko."

Ni na ɗauka in da wata magana mai muhimmanci Iya ta ji, tun da ita ce a ɗaki. Ita kuma ta ɗauka tuni na gama da takardu, tun da ni ne mai yawo da alƙalami a aljihu. Na leƙa ofishin majo, aka ce ta shiga wani ɗaki, in ɗan jira. Na duba agogo, na duba direba yana ta kaɗa makulli. Ban jira ba. Cikin minti goma mun naɗe tabarma, mun kwashe kwanuka da buta da bokiti. Ko ludayi ban bari ba. Mai gadi da ya ga babbar mota har sara mana ya yi.

Abin da ban sani ba, kuma gara ku ku sani tun yanzu don ku ji daɗin sauran wautar, shi ne da asubahin ranar an ɗebi jinin Inna kafin ta sa komai a baki. Likita yana zargin ciwon sukari. Sakamakon zai fito da rana, majo kuma ita za ta zaunar da mu ta yi mana bayani, ta ba mu takardar magani da ta abin da za a ci da wanda za a bari. Da likita ya ce yau za mu tafi, yau ɗin yake nufi, ba yanzu ba. Sakamakon ya fito, ya nuna ciwon, kuma ya hau sosai. A lokacin mu har mun wuce bakin gari.

A hanya na sa direba ya tsaya a wani kanti. Na sayi katan ɗin lemu, da gwangwanayen madara mai zaƙi, da dabino, da sukari. Kowa ya san wanda ya taso daga ciwo sai an maida masa jiki, kuma na yi niyyar duk Tsibiri su san wane ne ya maida wa Inna nata. Iya Hajo ta ce ita da za a bi ta tata, a fara da ɗan tuwo da kwaɗon zogale. Na ce, "Haba Iya, wanda ya kwana huɗu a gadon asibiti ai ba ganye yake buƙata ba." Muka shiga gari yara na bin motar a guje. Ni a gaba, gilashi a sauke, don kada wani ya kasa gane ni.

Da la'asar ina shago, akwai mutane kamar biyar, sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Muryar wata yarinya ce.

"Salamu alaikum, daga gidan likita ne. Kai ne mai jinyar Hadiza Abdu?"

Na ƙyafta wa jama'a ido, na buɗe murya. "Ban san wata Hadiza ba."

"Amma lambar nan anka ba mu, akwai sakamakon..."

"Baiwar Allah, ki nemi sana'a. Ko awara ce ki soya, ta fi miki wannan." Na kashe.

Aka yi dariya, na yi musu bayani irin na masana. Na ce waɗannan suna laɓewa ne a bakin asibitoci, sun ga na fito da babbar mota, sun nemi lambata. Ku kuma za ku ce ta yaya ban kawo Inna a raina ba? To, marar lafiyata tana gida, na kai ta da hannuna. Sunanta kuma Larai. Abin da na sani ke nan shekara goma sha ɗaya. 'Ya'yanta Inna suke ce mata, sauran gari Inna Larai. Bai taɓa zuwa mini cewa Larai sunan rana ne kawai ba, cewa akwai sunan yanka a katin shaida. Kuma wane suruki ne zai tsaya yana tambayar sunan uwar matarsa?

Ranar Asabar lambar ta sake kira, na toshe ta gaba ɗaya (aikina ne, na san inda ake dannawa). Sannan na kira Sani in ji labarin Inna.

"Yaya, jikin dai da sauƙi, sai ƙishirwa. Kullum tana neman abin sha."

"Tana shan lemun?"

"Tana sha hwa. Katan ɗin ya kusa ƙarewa."

Na ce alhamdulillahi, jiki ne ke neman abinsa. Na kwana ina jin daɗi surukata na son lemuna.

Lahadi bayan azahar na ɗaure katan na biyu a bayan babur, na haɗa da kwalbar zuma, na nufi Tsibiri. Ranar ce aka tsayar 'yan'uwa su zo barka da arziki. Na tuɓe takalmi na shiga gaisuwa, na tarar da Inna kwance a rumfa, ta amsa da ƙyar. Iya Hajo ta ce tun jiya barci take ta yi, ba ƙarfi, kuma tana cewa idonta na mata hazo-hazo. Gabana ya ɗan faɗi, amma na danne. Na ce gajiyar ciwo ce, na miƙa zumar na ce a dama mata fura da ita.

Na fito ƙofar gida, na sa takalmina, na zauna cikin maza. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, Sani na dafa shayi. Akwai Kawu Mamman, yayan Inna, dattijo mai farin gemu wanda in ya yi tari ake shiru. Akwai limamin unguwa, da maƙwabta kamar goma. Ana cikin hirar damina wayata ta yi ƙara. Wata baƙuwar lamba.

Na ce, "Kawu, akwai wasu 'yan damfara da suka dame ni kwana biyu. Na toshe su, ga shi sun sake lamba. Bari ku ga yadda ake yi da su."

Na buɗe murya har ƙarshe, na ɗora wayar a tafin hannu a tsakiyar tabarma.

"Salamu alaikum. Ina neman mai jinyar Hadiza Abdu."

Na gyara zama. "Baiwar Allah, ba ku gajiya? Sau nawa zan gaya muku ban san wata Hadiza Abdu ba? In tana kwance Allah ya ba ta lafiya, in ta mutu Allah ya jiƙanta. Ni dai ba abin da ya haɗa ni da ita, ban san ta ba, ban san ubanta ba."

Na ɗago kai ina jiran dariya. Ba wanda ya yi. Sani ya tsaya da butar shayi a sama, shayin na zuba gefen kofi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kawu Mamman ya dube ni a hankali, ya ce:

"Abdu dai ubana ne, Allah shi jiƙan shi. Hadiza kau ƙanwata ce. Ita ce tab ba ka ɗiyar da ke ɗakinka."

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ko ƙarfin son haka ban samu ba. Na dai zauna baki buɗe, waya a tafin hannu. Ita kuma wayar ba ta yi shiru ba.

"Malam mai waya, ni ce majo. Ka gama?"

"Na gama, madam."

"Kwana uku muna nemanka. Yarinyar da tak kira ka ran Juma'a ta ce ka tura ta suyar awara. Yau hutuna ne, ina gida, da wayata nake kiranka, don abin ya hana ni sukuni. Jinin da munka ɗiba ya nuna Hajiya na da ciwon sukari, kuma ya hau ƙwarai. Mi take ci tun da kunka tahi?"

Duk wanda ke wurin ya juya ya kalli babur ɗina, inda katan ɗin lemu ke ɗaure da igiyar roba.

"Abinci dai... da ɗan lemu," na ce.

"Ɗan lemu kamar yaya?"

Sani, Allah ya shirye shi, ya matso kusa da wayar ya ce, "Madam, katan guda ya ƙare, ga na biyu ya iso yanzu. Da madara da dabino. Ana kan dama mata fura da zuma."

Majo ta yi salati. Sannan ta ce, "Kai mini wayar wurinta. Yanzu."

Na tashi a guje. Sai daga baya aka gaya mini cewa da takalmi na shiga har rumfa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura aurenmu. Mata cike da tsakar gida, kuma ashe duk sun ji abin da na faɗa, don katangar ba ta da tsawo. Iya Hajo na durƙushe da ƙwaryar fura, ta tallafo kan Inna za ta ba ta. Na ce, "Iya, a'a! Ajiye!" Ta dube ni kamar na zautu.

Muryar majo ta fito tar. "Tambaye ta sau nawa take hita hitsari daga jiya zuwa yau."

Ga tambayar da na yi kwana huɗu ina gudu a gindin bedi, ta biyo ni har Tsibiri, a gaban matan dangi kaf. Na durƙusa. Na buɗe baki. "Inna... wai ana cewa... batun... wato zagayawa..."

Inna ta buɗe ido, ta dube ni, karo na farko ido cikin ido. Ta miƙo hannu da ƙyar na sa mata wayar kusa da baki.

"Likita, bar shi, wanga ba ya iyawa. Ban ƙirga ba, amma buta ba ta hutawa."

Wata daga cikin matan ta toshe baki da mayafi. Majo ba ta yi dariya ba. Ta yi wa Inna wasu tambayoyi biyu, ta ce kada a ba ta komai mai zaƙi, ruwa zalla, kuma a kawo ta yanzu-yanzu, za ta kira waɗanda ke kan aiki su shirya.

Wannan karon ba babbar mota. Wata tsohuwar tasi Sani ya taro a bakin hanya, ƙofarta da igiya ake rufewa. Iya Hajo ta rungume Inna a baya, ni kuma aka cusa ni gefensu, kafaɗata na gugar ta surukata, ban ko lura ba. Kunyar duk ta gudu, tsoro ya maye wurin. Daga Tsibiri zuwa Maraɗi ba wani nisa, amma ranar na ji tsawonsa. Ina kallon numfashinta, ina tunanin abin da zan ce wa Balkisa, wadda ke ɗaki da jariri ta amince uwarta na hannuna. In wani abu ya sami matar nan, da kuɗin aljihuna da hannuna na kai mata shi a katan. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Aka karɓe ta a bakin ƙofa. Da likita ya shigo, ƙafata da kanta ta fara ja da baya, na ce mata ina, yau nan za ki tsaya. Na tsaya, na ji komai, har da abin da bai kamata kunnen suruki ya ji ba. Likita ya ce mun yi sa'a, da an ƙara kwana ɗaya ko biyu a haka da tana iya suma ta ƙi farfaɗowa.

Ranar Talata da safe na zo da abinci na tarar da Inna zaune, tana yi wa Iya Hajo faɗa wai ta ɗaura mata kallabi a karkace. Wallahi ban taɓa jin faɗa mai daɗi kamar wannan ba. Na fita baranda na zauna a kan benci, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na kira Balkisa na gaya mata, ta yi ta hamdala tana kuka. Da ta natsu sai ta ce, "Ashe dai ƙasa ta huta da ba a ɗauke ka jandarma ba." Na ce na ji.

Majo ta same ni a wurin. Na miƙe zan fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Naka laihin ka san shi, ba sai na hwaɗa ba. Mu ma muna da namu. Bai kamata marar lahiya ta hita ƙohwa ba takarda a hannunta ba, ko da jirgin sama kunka zo. Kuma da mun tambayi sunan da anka san ta da shi, da yarinyar nan ba ta sha zagi ba."

Ta nuna mini babban littafinsu. A gaban sunan Inna ta ƙara da jan biro: Inna Larai, Tsibiri. Ƙarƙashinsa lambobi biyu, tawa da ta Sani. Ta ce daga yanzu haka za su riƙa yi wa kowa. Yarinyar da na tura suyar awara kuwa na nemo ta na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma har muka bar asibitin in ta gan ni sai ta ce, "Malam, ta nawa za a ba ka?"

Ranar Alhamis aka sake sallamar Inna. Wannan karon ban taɓa ko tabarma ba sai da majo ta zo. Ta zaunar da mu a bakin gado, ni da Iya Hajo da Sani, Inna na zaune tana saurare. Ta yi bayanin maganin ɗaya bayan ɗaya, na safe da na yamma. Ta faɗi abin da za a ci da wanda za a rage da wanda za a bari ɗungum. Ta faɗi alamomin da in an gani a dawo ba jira, da ranar da za a komo awo. Na rubuta duka. Na tambaya ko akwai wani sakamakon da bai fito ba, ta ce akwai ɗaya, ranar Litinin, ta faɗa mini wanda zai kira da lambar da zai kira da ita. Sannan ta sa Iya Hajo ta maimaita komai da baki, ta sa Sani ma ya maimaita. Da aka zo maganar ganye, Iya ta dube ni ta ce, "Baban Ummi, ashe dai ganyen ake buƙata?" Na ce ashe.

Na ɗauka an gama. Sai majo ta ɗaga takardar sallama, ta dube ni ta saman tabarau.

"Saura abu guda. Hwaɗa mini sunan marar lahiyar da zan ba ka takardarta."

Na kalli Sani, ya kau da kai yana danne dariya. Na kalli Iya, ta kama gyaran kwanuka. Majo na riƙe da takarda, ba alamar za ta sake ta. Na sunkuyar da kai, na ce a hankali, "Hadiza Abdu."

"Ban ji ba."

"Hadiza Abdu!"

Har na gadon kusa ya waiwayo. Inna ta gyara mayafi, ta yi ɗan murmushi, ta ce wa ƙanwarta, ba ni ba, don ita ma ta iya surukutar:

"Hajo, kin ji? Shekara goma sha ɗaya, sai yau yaron ga ya san wa tab ba shi ɗiya. Ki ce mishi na yahe. Ki kuma ce mishi kunyar da za ta kai ni kushewa ya riƙe abarshi, ni lahiyata nike so."

Inna na nan da ranta, tana shan maganinta, ni ke kai ta awo kuma ina shiga ɗakin likita tare da ita in tsaya ƙyam. Har yanzu ina tuɓe takalmi tun daga zaure, ban bar wannan ba. Sai dai tsarabata ta koma zogalen Jiratawa, katan ɗin lemun nan kuwa yaran unguwa suka shanye shi suna sa mini albarka.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Ba a barin asibiti don an ce a tafi, sai an ji me aka gano, me ya rage, wa zai kira, kuma sunan wa zai ambata. Na bi surukaina kaf na rubuta sunayensu na yanka a waya, da taimakon Balkisa. Kuma yanzu duk wanda ya kira ni ya ce daga gidan likita ne, ina saurarensa har ya gama. Makon jiya wani ɗan damfara na gaske ya kira, ya ce wata Zulai na kwance. Minti goma na riƙe shi ina tambayarsa Zulai 'yar wa, me ake ce mata a gida, har ya gaji ya kashe da kansa. Duk da haka sai da na kira Tsibiri na tambaya.